Darasi na Bakwai: Yadda Manufar Gwamnati ke Isa Ƙofar Gida

A darasin da ya gabata mun ga yadda ake yin doka da yadda gwamnati ke tsara manufa: a zauna a majalisa, a yi muhawara, shugaban ƙasa ko gwamna ya sa hannu, da yamma mu ji a labaran rediyo. Yau daga nan za mu tashi. Za mu bi takardar nan da aka sa wa hannu, mu ga hannuwan da take ratsawa kafin ta iso ƙofar gidanku.

Ku tambayi kanku: tun da kuke, sau nawa kuka yi ido biyu da minista? Yawancinmu ko sau ɗaya ba mu taɓa ba. Amma kowa a ajin nan ya san malamin firamaren unguwarsu. Ya san ma'aikaciyar jinyar da ke awon ciki, da malamin gona, da duba-gari, da ɗan sandan da ke tsaye a shingen hanya, da akawun kotu, da saurayin da ke ɗaukar hoton yatsu a wurin rajistar katin zaɓe. Waɗannan su ne gwamnatin da talaka ke gani da idonsa. In sun karɓe shi hannu bibbiyu, ya koma gida yana cewa gwamnati ta kyauta. In sun shanya shi a rana tun safe har azahar, ya ce gwamnati ba ta da tausayi. A darasin nan za mu kira su ma'aikatan gaba-da-gaba, tunda su ne ke haɗuwa da jama'a kai tsaye.

Misali ɗaya za mu riƙe mu juya shi sosai, wato rigakafin shan-inna, domin da wuya a samu gidan da bai taɓa jin sallamar masu wannan aiki ba.

Safiyar ranar rigakafi

Da sassafe tawaga ke haɗuwa a asibitin mazaɓa. Mace ɗaya ta rataya akwatin sanyi mai ƙanƙara, wanda kwalaben maganin ke ciki. Ɗayar ta riƙe takardar ƙidaya da alli da alƙalamin tawada. Tare da su akwai namiji, wakilin mai unguwa, wanda ya san kowane lungu da sunan kowane maigida. Me ya sa mata ne ke ɗiga maganin? Ku dubi bangon zaurenmu, amsar tana nan a rubuce: ba shiga. Namiji baƙo iyakarsa zaure, yaran kuwa suna can cikin gida wurin iyayensu mata.

Umarnin da aka ba su gajere ne, ko yaro zai haddace shi. Duk yaron da bai kai shekara biyar ba a ɗiga masa ɗigo biyu a baki, a shafa masa tawada a ƙaramin yatsan hannun hagu, a yi alama da alli a bangon gidan, a rubuta a takarda. Shi ke nan.

To, yanzu sun yi sallama a gida na farko. Ga yarinya tana wasa a tsakar gida, uwar ta ce ba ta san shekarunta daidai ba, amma an haife ta da damina, shekarar da suka tare a gidan nan. Babu takardar haihuwa. A ɗiga mata ko a bari? Wata ma'aikaciyar za ta yi dabarar da malaman firamare suka daɗe suna yi, ta ce yarinyar ta ɗora hannu ta kan kanta ta taɓo kunnen ɗaya ɓangaren. Wata kuma za ta ce gara a ɗiga, tunda ƙari ba ya cutarwa. A gida na biyu jariri ne ko suna ba a yi ba, kakarsa ta rungume shi ta ce ɗanyen goyo ne, a bari ya yi ƙwari. A na uku yaran sun tafi makarantar allo. A na huɗu akwai baƙuwa da ta zo biki daga wani gari da 'ya'yanta biyu, ba sa cikin lissafin gidan. A na biyar matar gidan ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki ta ce:

"Malama, ku yi haƙuri. Maigidan ya fita kasuwa, kuma bai bar mini izini ba."

"To Hajiya, yaushe yake dawowa?"

"Sai bayan la'asar."

Bayan la'asar kuwa tawaga ta daɗe da tashi, ƙanƙara ta narke. Ma'aikaciyar tana da zaɓi. Tana iya rubuta cewa gidan ya ƙi, a kai sunan maigidan gaban mai unguwa. Tana iya rubuta cewa ba a samu yaran ba, a dawo gobe. Tana iya roƙon wakilin mai unguwa ya bi mutumin kasuwa ya nemo izini. Kowanne ta zaɓa, akwai abin da zai biyo baya, ga yaran da kuma ga zaman lafiyar gidan. Takardar da ta zo daga Abuja ba ta san wannan matar ba, ba ta san mijinta ba.

Ga kuma wani hukuncin da babu mai ganinta lokacin da take yanke shi. A jikin kowace kwalba akwai ɗan tambari, da'ira mai duhu da ɗan murabba'i mai haske a tsakiyarta. Zafi na sa murabba'in ya riƙa yin duhu. In duhunsa ya kai na da'irar, maganin ya tashi daga aiki, sai a ajiye kwalbar a ɗauko wata. Wa zai sani in ta kau da kai ta ci gaba da ɗigawa? Babu, sai ita da Allah. Yaron zai samu tawada a yatsa, takarda za ta cika, amma kariya babu.

Kafin rana ta take, wannan mata ta yanke ƙananan hukunce-hukunce masu yawa irin waɗannan. In aka tara nata da na dubban 'yan'uwanta a faɗin ƙasa, abin da ya fito shi ne manufar gwamnati ta zahiri, wadda ta shiga bakin yara ko ta kasa shiga.

Wani masanin kimiyyar siyasa ɗan Amurka, Michael Lipsky, ya fitar da littafi a kan wannan batu a 1980, bayan ya nazarci aikin malaman makaranta da 'yan sanda da ma'aikatan jin daɗin jama'a na ƙasarsu. Abin da ya nuna shi ne irin waɗannan ma'aikata, duk da cewa su ne a ƙasan tsani, suna da hannu wajen ƙera manufa, domin yadda suka saba gudanar da aikinsu kullum shi ne abin da jama'a ke samu. A Amurka ya yi bincikensa, amma duk wanda ya taɓa bin layi a asibitin gwamnati a nan zai ce ai wannan labarin gida ne.

Me ya sa ba za a ɗaure musu hannu ba?

Wani zai ce, to a rubuta komai dalla-dalla mana, kada a bar wa ƙaramin ma'aikaci ganin dama. Ba ya yiwuwa. Doka ana rubuta ta ne don jama'a gaba ɗaya, ma'aikaci kuwa mutum ɗaya yake fuskanta, da irin tasa larurar. Ga kuma ƙarancin kayan aiki: mutane ɗari, ma'aikaci ɗaya, magani na mutum talatin. Dole wani ya zaɓi wanda zai fara samu, kuma wanda ke wurin shi zai zaɓa. Sannan shugabansa yana can hedikwatar ƙaramar hukuma, ba ya ganin abin da ke faruwa a ɗakin awo ko a cikin aji.

Na taɓa raka wata 'yar'uwata wani ƙaramin asibiti a lokacin damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara. Layi ya fito har waje, ma'aikaciya ɗaya ce tal a kan aiki, ita ce mai yankar kati, ita ce mai gwajin jini. Ƙa'ida ita ce wanda ya riga zuwa shi ake fara gani. Can sai ta ɗago kai ta hango wata mata a ƙarshen layi, yaron da ke bayanta ya sanƙare, idanunsa sun juye. Ta ajiye biro ta fito da kanta, ta ce, "Baiwar Allah, kwanto shi, biyo ni." Wani dattijo da ya zo tun asuba ya fara faɗa. Ta juyo ta ce, "Baba, ka yi mini haƙuri, kai za ka iya jira, wannan ba zai iya ba." Dattijon ya dubi yaron, ya koma ya zauna. Ta saɓa wa ƙa'idar layi, amma ta cika manufar da aka gina asibitin dominta. Da an ɗaure mata hannu ƙam, da a kan yaron nan abin zai ƙare.

Saboda haka ganin dama ba aibi ba ne a kan kansa. Wuƙa ce, tana yanka nama tana yanka yatsa. Za mu dawo kan yatsan.

Lokacin da ƙofofi suka rufe

A 1988 ƙasashen duniya suka ƙuduri aniyar kawar da shan-inna baki ɗaya. A lokacin cutar tana nakasa yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. Manufa ce mai kyau, da kuɗi a bayanta, da magani mai arha. Amma a 2003 aikin ya ci karo da bango a arewacin Najeriya. Jita-jita ta bazu cewa an gauraya maganin da abin hana haihuwa. Wasu jihohi suka dakatar da rigakafin, ciki har da Kano da Zamfara da Kaduna. Ta Kano ce ta fi daɗewa, ba a koma ba sai ƙarshen watan Yulin 2004, a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, bayan kwamitoci sun yi bincike kuma an kawo maganin da aka sarrafa a Indunusiya.

Zargin bai tabbata ba, kuma yara ne suka ɗanɗana kuɗarsa. Ƙwayar cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da a da suka rabu da ita, har ta kai Sudan da Yaman da Indunusiya. A 2006 kaɗai an samu yara sama da 1,100 da ta kama a Najeriya.

Amma kada mu yi saurin cewa jahilci ne kawai. Ruwa ba ya tsami banza. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara a Kano. Yara kusan 200 ne gwajin ya shafa, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a, kamfanin yana musanta laifi, har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Mutanen da suka ga wannan ba a raba su da tsoro da sanarwar rediyo. Ga kuma tambayar da masu rigakafi suka sha ji a bakin ƙofa, tambayar da ba ta da alaƙa da jita-jita: zazzaɓi na kashe mana yara, ƙyanda na kashe mana yara, mun je asibiti an ce mu sayi magani, me ya sa wannan kaɗai kuke biyo mu da shi har gida kyauta, wata bayan wata?

Tambaya ce mai nauyi, kuma ba minista aka yi wa ita ba. Yarinyar da ke tsaye da akwatin sanyi aka yi wa, wadda aka ba horon kwana ɗaya ko biyu da ɗan alawus. Ita ce ta ji abin da jama'a ke so tun kafin manya su ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tawada a yatsa, babu ɗigo a baki

A nan ne za mu ga wani abu da ke faruwa a kusan kowace ma'aikata, don haka ku lura da shi da kyau. Daga sama ana son alƙaluma: yara nawa aka yi wa, gida nawa aka shiga. Daga ƙasa ana rufe ƙofa. Ma'aikaciya tana tsakiya. In ta kawo takarda da giɓi, a ce ba ta iya aiki ba, zagaye na gaba a cire sunanta. To me wasu suka yi? Suka sasanta da masu gida: a shafa wa yaro tawada, a yi alama a bango, ba a ɗiga komai ba. Uwa ta huta da masu sallama, ma'aikaciya ta cika takarda. Wasu ma an same su sun zubar da maganin sun zauna a inuwa sun cike layukan ƙidaya. Rahoto ya hau sama yana cewa an yi wa kusan kowane yaro, amma sai ga sabbin guragu a garin.

Wannan ha'inci ne, babu wani suna da za a ba shi. Sai dai in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Duk shugaban da ba ya tambayar komai sai lamba, lamba za a kawo masa. Haka abin yake a makarantar da ake auna ta da yawan sunayen da ke rajista ba da yawan yaran da suka iya karatu ba, haka yake a ofishin da ake auna shi da yawan fayil ɗin da aka rufe. Ma'aikaci yana karkata ne zuwa ga abin da ake ƙirgawa.

Abin da ya juya al'amarin

Maganin dai ɗigo biyu ne kamar da. Yadda ake kai shi ne aka gyara, kuma yawancin gyaran daga bakin ƙofa aka koyo shi.

A 2006 aka sauya salon zagayen, aka riƙa haɗawa da rigakafin wasu cututtuka kamar ƙyanda, da sinadarin bitamin A, wani lokaci da sabulu ko gidan sauro. Daga baya aka riƙa kafa sansanin duba marasa lafiya a unguwannin da ake yawan ƙi, inda uwa za ta samu maganin zazzaɓi kyauta. Amsa ce ga tambayar nan ta bakin ƙofa, ko da ta zo a makare.

A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar. Daga nan maganar ta bi tsanin da jama'a suka sani: sarki, hakimi, dagaci, mai unguwa. Gidan da ya ƙi, maimakon a yi ta gardama da matar gida, sai mai unguwa da liman su zauna da maigidan a zaure. Aka kuma ɗauki mata 'yan unguwa masu wayar da kai, waɗanda ke zuwa suna da biki, suna sanin gidan da aka haihu tun kafin ranar rigakafi. Matar da ba za ta buɗe wa baƙuwa ƙofa ba, ai ba za ta rufe wa maƙwabciyar da ta yi mata zaman jego ba. Waɗanda cutar ta nakasa su ma suka kafa ƙungiyoyi suka shiga aikin, suna bin unguwanni a kan kekunansu. In mutum ya ja jiki ya zo ƙofarka ya ce kada ka bar ɗanka ya zama kamarsa, gani ya kori ji.

A 2012, shekarar da Najeriya ta samu yara 122 cikin 223 da cutar ta kama a duniya baki ɗaya, aka buɗe cibiyar ayyukan gaggawa ta shan-inna a Abuja, sannan aka buɗe irinta a wasu jihohi. Aka daina dogara da takardar tawaga kaɗai, aka riƙa tura masu sa-ido na dabam su bi gidaje su duba. Aka ba tawagogi wayoyin da ke nuna inda suka taka. Hotunan tauraron ɗan'adam kuma suka tona wani abu: akwai rugage da ƙananan ƙauyuka da ba sa cikin taswirar hannu da ake aiki da ita, wato babu tawagar da aka taɓa turawa can. Wannan laifin ba na mai ɗigawa ba ne, na masu tsara mata hanya ne.

Sakamakon ya fito a fili. Daga 122 a 2012 aka sauko 53 a 2013, sannan 6 a 2014. A 2016 cutar ta sake ɓulla a Borno, a yankunan da rikicin Boko Haram ya hana ma'aikata shiga, aka samu yara 4. Su ne na ƙarshe. Ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar shan-inna ta daji. Har yanzu ana zagayen rigakafi, saboda akwai wani nau'in da ke ɓulla a wuraren da yara da yawa ba su samu cikakken rigakafi ba, don haka in sun yi sallama a buɗe musu.

Ba zan wuce nan ba sai na ambaci ranar 8 ga Fabrairun 2013. A ranar 'yan bindiga suka kai hari wasu ƙananan asibitoci biyu a birnin Kano, suka kashe aƙalla mutum tara masu aikin rigakafi, galibinsu mata. Sun fito ne da safe kamar kullum, su ɗauki akwatin sanyi su shiga unguwa. Bayan wannan ma wasu matan sun sake ɗaukar akwatin. Ranar da aka yi bikin 2020 manyan mutane ne suka yi jawabi, amma ƙafafun waɗannan mata ne suka taka hanyar. Allah ya jiƙansu.

In aka ba da umarni ba a ba da kayan aiki ba

Mu leƙa maƙwabta. A Jamhuriyar Nijar, zamanin Shugaba Tandja Mamadou, gwamnati ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta a 2005, sannan a 2006 ta ƙara da kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar da awon ciki. Tsarin shi ne asibiti ya yi aikin kyauta, ya aika takardar kuɗin, gwamnati ta biya shi. Iyaye suka yi ta kawo yara, abin da ake so ke nan. Amma biyan ya riƙa makara wata da watanni, bashi ya taru, kantocin magani na asibitoci suka fara bushewa. Sai ma'aikacin jinya ya koma rubuta takarda yana cewa a je a sayo a waje. Uwa ta ji a rediyo an ce kyauta ne, ga shi an miƙo mata takardar saye. Wa za ta zarga? Wanda ke gabanta. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun daɗe suna nazarin wannan giɓi tsakanin ƙa'idar da ke rubuce da ƙa'idar da ma'aikata ke bi a aikace don aiki ya tafi.

Mu ma muna da irinsa. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas. Amma shugaban makarantar da ba a aiko masa da alli ba, rufin aji ya yaye, shi ne zai tsaya gaban iyaye ya ce a kawo wani abu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gwamnatin da ta yi shelar kyauta ba ta aika kuɗin ba, ta ɗora wa ƙaramin ma'aikacinta kaya ne ta koma gefe.

Inda wuƙar ke yanka yatsa

Duk wannan ba wanke ma'aikaci ba ne. Mun san wanda ke tsallake layi da ɗan'uwansa ko da mai babbar riga. Mun san wanda ke cewa fayil ya ɓata har sai an "ga" shi. Mun san mai daka wa mace tsawa a ɗakin haihuwa, da malamin da sai ranar albashi ake ganinsa, da wanda ke karkatar da takin gwamnati zuwa kasuwa. Akwai kuma wani nau'in da ba a cika lura da shi ba: ma'aikacin da ke zaɓar aiki mai sauƙi, ya kula da mai jin Turanci da ya zo da takardunsa cikakku, ya bar tsohuwar ƙauye da ba ta san ƙofar da za ta shiga ba. Bai karɓi ko kwabo ba, amma ya hana mai haƙƙi haƙƙinsa.

Yaya za ku bambance sassauci na gaskiya da son kai? Ga ma'auni biyu da nake ganin sun isa. Shin abin da ya yi wa wannan, zai yi wa duk wanda ya zo da irin larurarsa, ko ya san shi ko bai san shi ba? Shin kuma zai iya faɗar dalilinsa da babbar murya a gaban layi da gaban shugabansa? Ma'aikaciyar da ta ɗauko yaron nan daga ƙarshen layi ta faɗi nata dalilin kowa na ji. Mai karɓar na goro ba ya iyawa, shi ya sa yake rage murya.

Naku aikin

Ɗan ƙasa ba ɗan kallo ba ne a wannan lamari. In an ce muku babu, ku tambaya cikin ladabi: babu ne don ba a aiko ba, ko don ƙa'ida ta hana? In ƙa'ida ce, wace ce? In an karɓi kuɗinku, ku nemi rasit. In matsalar daga sama take, faɗa da ma'aikaciyar jinya ba zai kawo magani ba. Akwai kwamitin ci gaban mazaɓa da ke sa ido kan asibitin matakin farko, akwai kwamitin al'umma na kula da makaranta, akwai kansila, akwai mai unguwa. In zalunci ne ƙarara, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa tun 1975, tana da ofis a jihohi, kuma ba a biyan kuɗi kafin a shigar da koke. Ku tafi ku da yawa, ku tafi da rana da wata da abin da ya faru a rubuce. Amfanin karatun da kuke koyo ke nan.

Waɗanda kuma suke aikin gwamnati a cikinku, ko 'ya'yansu ke yi, ku riƙa faɗa wa na sama gaskiyar abin da kuke gani, ko da takardar za ta fito da giɓi. Giɓin da aka rubuta ana iya cike shi. Wanda aka rufe da tawada sai ya fito a ƙafar yaro.

Ku tattauna a tsakaninku kafin a tashi: da ke ce mai rigakafin da aka ce wa maigida bai bar izini ba, me za ki rubuta a takarda, kuma don me? Wanda ya taɓa ganin ma'aikaci ya sassauta ƙa'ida don taimako ya ba mu labari, ba tare da kama suna ba, mu auna shi da ma'aunan nan biyu.

Aikin gida kuma shi ne: kowa ya sami ma'aikacin gaba-da-gaba ɗaya a unguwarsu, malamin makaranta ne ko ma'aikaciyar asibiti ko malamin gona. Ku gaishe shi, ku nemi izininsa, ku tambaye shi abu biyu: wane umarni aka ba shi da ya fi wuyar cikawa, kuma me yake yi in kayan aiki sun ƙare alhali mutane na jira. Ku rubuta amsar yadda ya faɗe ta, ko da layi uku ne, ku zo da ita mako mai zuwa. Da ita za mu buɗe darasi na gaba.